In An Ɗaga Bayan Fijo, A Sake Saita Birki

Tun daga shekarar 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci da ɗan kasuwa a ƙasar nan. An daɗe da daina ƙera ta, amma har yau akan gamu da tsofaffinta a kan hanyar Samaru zuwa Sabon Gari, galibinsu an sake musu fasali. Wata an ƙara mata sifirin don ta ɗauki buhunan masara, wata an sa mata manyan tayoyi, wata kuma an dasa mata injin da ya fi nata ƙarfi. Abin takaici shi ne, ba kasafai ake komawa kan birki ba bayan an gama wannan aiki.

Ga yadda al'amarin yake. Idan direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake rinjaya, saboda haka tayoyin gaba ne ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayar da ita. In tayoyin gaba suka riga kamewa, mota za ta zarce ne kai tsaye. In kuwa na baya suka riga, sai gindinta ya juyo ta yi wa hanya gicciye, kuma ba kowane direba ke iya dawo da ita ba.

Don gudun haka ne maƙeran Fijo suka sa wani ɗan bawul kusa da gatarin baya, wanda ke auna kayan da aka ɗora wa mota. In ba kaya, ya rage ƙarfin man birkin da ke zuwa baya; in ta yi nauyi ta zauna, ya ƙara. To, da zarar an ɗaga bayan mota ba a sake saita shi ba, bawul ɗin zai ɗauka kullum fanko take, ko da an shaƙe ta da kaya. Sai duk wahala ta koma kan birkin gaba, ya yi zafi ya daina kamawa. Wanda kuma ya cire bawul ɗin ɗungurungum, ko ya toshe bututun baya don yana yoyo, ya haƙa wa fasinjansa rami ne, musamman da damina sa'ad da kwalta ke santsi.

Masu mota sukan ce kayan Fijo na asali sun yi wuya, kuɗi kuma babu. Gaskiya ne. Amma saita bawul da daidaita shu na tayoyin baya bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Bayan saiti sai a gwada motar a fili inda ba jama'a, sau ɗaya fanko, sau ɗaya da kaya, a tabbatar baya ba ya riga gaba kamewa.

Zariya kuwa ba ta rasa masana ba. Ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da aka kafa a 1986 a hanyar Basawa. Ya kamata su jawo ƙungiyar kanikawan Sabon Gari a jiki, a shirya musu gajeren kwas da Hausa. Jami'an duba lafiyar motoci da na Hukumar Kiyaye Haɗura, wadda aka kafa a 1988, su ma kada su tsaya ga takardu kawai. Duk motar da aka ɗaga bayanta a gwada birkinta kafin a sake ta.

Hanyar da ta ratsa Kwangila cike take da ɗalibai, da 'yan acaɓa, da mata masu zuwa kasuwa. Hakkinsu ne motar da ke biye da su ta tsaya a miƙe in an taka mata birki. Allah Ya kiyashe mu, amin.