Yaron da aka yi wa aiki a kai: abin da ke biyo bayan sallama

Saƙon wannan makon daga wata baiwar Allah ne da ke zaune a Kumasi, maigidanta yana fatauci tsakanin Gana da Nijar. An yi wa 'yarsu mai shekara biyu aiki saboda ruwan da ya taru mata a ƙwaƙwalwa, har an sallame su. Ta ce: "Hajiya, likita ya ce aiki ya yi kyau, to me ya sa yarinyar ta koma kamar ba ita ba? Kuma yaushe za mu iya zuwa gida a gan ta?" Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Amsar zan ba ki ita a nan, don na san ba ke kaɗai ba ce.

Kwanakin farko a asibiti su ne masu tayar da hankali a ido. Yaro kan kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, nas tana ta tashinsa tana haska masa tocila a ido. Ba mugunta ba ce, ta haka ake gane ko ƙwaƙwalwa na lafiya. Idan aikin babba ne fuska kan kumbura, musamman gefen ido, kumburin ya fi yawa a rana ta biyu ko ta uku kafin ya fara saɓewa. Ciwon kai, ɗan amai da yawan barci duk ana ganinsu a lokacin. Zaren ɗinki kuwa, idan ba mai narkewa ba ne, yawanci ana cire shi cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Abin da iyaye ba su cika shiryawa ba shi ne bayan an dawo gida. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wanda aka yaye sai ya riƙa neman nono, ya maƙale wa uwa, ko banɗaki za ta shiga sai kuka. Yau ya tashi da wasa, gobe ya wuni a kwance ba ya son magana. Gajiyar nan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kada a auna sauƙi da jiya da yau, a auna shi da makon jiya da wannan makon. Kuma don Allah ban da duka ko tsawa a kan fitsarin kwancen nan, ba iskanci ba ne.

Wani sauyin halin ma magani ne ke kawo shi. Akwai maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira dexamethasone, yana sa yaro ci kamar gara, kumatu su ciko, ga saurin fushi da rashin barci. Ba a yanke shi lokaci guda, likita ne ke rage shi a hankali. Haka maganin hana jijjiga, kada a ce ai ya warke a ajiye. Idan ya kusa ƙarewa a nemo shi a kantin magani na ƙwarai, ba wajen mai talla a tasha ba. Aspirin kuma kada a ba shi sam.

Akwai wani abu da ya kamata masu yaron da aka cire wa ƙari ta ƙeya su sani. Wasu yaran sukan farka suna magana lafiya lau, bayan kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki sai maganar ta ɗauke ɗif, ga kuka da rashin ƙarfin jiki. A wani nau'in ƙarin da ake kira medulloblastoma, kusan yaro ɗaya cikin huɗu na samun wannan. Nan take a gida za ka ji an fara cewa iska ce, ko sammu. Likitoci sun san shi sarai, kuma maganar kan dawo a hankali cikin makonni ko watanni, ko da yake wasu sukan jima tana fita da nauyi. A yi addu'a, a yi tofi, amma a ci gaba da kai shi wajen masu gashi da masu koyar da magana.

Wurin ɗinki a bar shi a bushe, a tsabtace. Ban da man shanu, ban da lalle, toka ko garin magani, ko da kaka ce ta kawo. Ban da kitso da aski a wurin sai likita ya yarda. 'Yan dubiya kuma, mun gode Allah da zumunci, amma ɗaki cike da mutane kowa na son ya ɗaga hula ya ga wurin, wannan ba gata ba ne. Mai mura ya yi gaisuwarsa daga ƙofa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Yaron da ke da ruwa a kai yawanci ana sa masa wata siririyar roba a ƙarƙashin fata, daga kai ta bi bayan kunne da wuya ta sauka cikin ciki, tana zubar da ruwan da ya yi yawa. Likitoci na ce mata shant. Robar nan tana ceton rai, amma takan toshe, ko ƙwayar cuta ta shige ta. Kusan huɗu cikin goma sukan ba da matsala kafin shekara biyu, kuma shigar ƙwayar cuta ta fi faruwa a watannin farko. Matsalar ita ce alamunta sak da na zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, amai, kasala, barci. Sai a ruga kemis a sayo maganin maleriya a zauna ana jiran ya yi aiki, kwana uku sun tafi, ruwa kuwa yana ta matse ƙwaƙwalwa. Ba na ce kada a gwada maleriya ba. A gwada, amma a asibiti, kuma kalmar farko da za ta fito daga bakinki ita ce: "Yaron nan yana da roba a kai." Ko gwaji ya nuna maleriya, hakan bai wanke robar ba.

A tafi asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba, idan zafin jiki ya kai 38, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yaro ya yi nauyin barcin da tashinsa ke wuya. Haka idan maɗigar jariri ta kumbura ta yi tauri, ko ƙwayar idonsa ta riƙa kallon ƙasa, ko wuya ya sanƙare, ko fata ta yi ja a kan hanyar robar, ko wani ruwa garai-garai na tsatsafowa daga ɗinkin. Idan jijjiga ta kama shi a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa komai.

Sai maganar zuwa gida. Ra'ayina, kada a kama doguwar hanya kafin a koma ganin likita na farko, shi ya ce an yarda. Kwana biyu a mota da iyaka a tsakani ba wasa ba ne ga yaron da ɗinkinsa bai gama kamewa ba. Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kuma ba a kowane gari yake ba, sai manyan asibitoci irin su Korle Bu a Accra, Komfo Anokye a Kumasi, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Kafin a tashi, Alhaji, ka lissafa awa nawa ne daga ƙauyenku zuwa mafi kusa, kamar yadda kake lissafa kuɗin kwastan, ka kuma ware kuɗin mota na gaggawa a hannun uwar yaron, tunda ba kullum kake gari ba.

Takardu su ma kaya ne. A karɓi takardar bayanin aikin da aka yi, a ƙasashen Faransanci ana ce mata compte rendu opératoire, da hoton kai na bayan aiki, da sunan irin robar da aka sa, da jerin magunguna. Likitan da bai taɓa ganin yaron ba, da tsohon hoton zai gwada sabo ya gane ko ruwa ya ƙaru. A ɗauki hoton kowace takarda a wayar uwa da ta uba, a tura wa wani ɗan'uwa ta WhatsApp saboda ɓacin rana, asalin kuma a naɗe a leda a sa a jakar hannu, ba cikin kayan da za a ɗaure a saman mota ba.