Kocinmu ba ya faɗowa daga sama, kuma filin ƙwallonmu ya koma gonar gero

Duk sanda Sai Masu Gida ta sha kashi, gidan nan rabewa yake gida biyu. Wasu su ce a nemo Bature, wasu su ce a ba tsohon ɗan wasanmu, ai shi ya san ƙungiya. Mu kam mun gaji da wannan musu, domin ɓangarorin biyu duk tsallake tambayar suke yi: a ina ake yin koci a jihar nan?

Ku ɗauki Usman Abdallah. Ɗan Kano ne, ya buga ƙwallo a ƙasashen waje har Singafo, ya zauna a Faransa, can ya yi karatun horarwa ya karɓi takardunsa, can kuma ya fara da ƙananan ƙungiyoyi. Da ya dawo gida Enyimba ta Aba ce ta ɗauke shi, da farko a matsayin mataimaki. A 2018 ya kai ta wasan kusa da na ƙarshe a kofin Confederation na Afirka, a 2019 ya ci mata gasar ƙasa. Sai a 2024 Kano Pillars ta kira shi, kuma kafin kakar ta ƙare an dakatar da shi, an ce Ahmed Garba Yaro Yaro ya riƙe. Ba shari'ar wanda ya yi daidai a rikicin muka zo yi ba. Abin lura shi ne, ɗan Kano sai da ya haye teku kafin ya zama koci, sannan mutanen Aba suka riga mu cin moriyarsa.

Masu cewa a nemo Bature suna da abin kafa hujja, ba mu musa ba. Ivo Sajh ɗan Sulobeniya ne ke riƙe da Pillars a 2009, shekarar da muka fitar da Al Ahly bayan 2-2 a Alƙahira. To amma kofunan gasar ƙasa huɗu, na 2008, 2012, 2013 da 2014, duk 'yan Najeriya ne suka ɗauko su: Kadiri Ikhana, Baba Ganaru sau biyu, da Okey Emordi. Kofin ƙalubale na 2019 a Kaduna kuwa Ibrahim Musa Jugunu ne. Saboda haka launin fata ba shi ke cin kofi ba.

Masu cewa a ba tsohon ɗan wasa kuma, su ma a yi musu tambaya. Iya buga ƙwallo daban, iya koyar da ita daban. Manomin da ya fi kowa ƙarfin garma ba lallai ne ya iya zama malamin gona ba. Idan muka ɗauko wanda ya ajiye takalmi jiya muka ɗora shi kan babbar ƙungiya yau, ba tare da karatu ko zama ƙarƙashin wani ba, ba girmama shi muka yi ba, miƙa shi muka yi ga masu jifa a filin Sani Abacha.

Ga Oliver Glasner, wanda yaranmu na gidajen kallo suka sani da Crystal Palace. Ɗan Ostiriya ne, ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano yawa ba. Kusan duk wasansa a Ried ya yi shi, ƙaramin gari, yana tsaron baya, wasanni sama da 500. A 2011 ya ji rauni a kai, jini ya taru, aka yi masa aiki, ya bar wasa. Ba a yi masa wasan ban kwana an sallame shi da babur ba. Ya shiga Salzburg, ya yi shekara biyu yana mataimakin Roger Schmidt, ya koma Ried a matsayin koci a 2014, ya karɓi LASK tana rukuni na biyu ya hau da ita, sannan Wolfsburg, sannan Frankfurt inda ya ci kofin Europa a 2022, sannan kofin FA a 2025 a hannun Manchester City. Ku ƙirga matakan. Tsani ne, kuma wani ne ya kafa masa shi.

Mu a nan Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi da Tsanyawa ina namu tsanin? Kowane ƙauye yana da wanda ake kira koci. Yawanci tsohon ɗan wasan unguwa ne da gwiwa ta hana shi ci gaba. Shi ke sayen usur, shi ke kai ƙwallo ɗinki, shi ke roƙon mai mota ranar Juma'a, shi ke zuwa ba uban yaro haƙuri idan an karya ƙafa. Bai taɓa zama a ajin horarwa ko na kwana ɗaya ba, ba don ba ya so ba. Cibiyar horar da harkar wasanni ta ƙasa tana Legas. Wanda ke jiran kaka ya sayar da buhun gero zai biya kuɗin mota da masauki a Surulere?

Sannan filin. Ƙasarmu ba ta hutawa, gona na jingine da gona, kowane taki yana da mai shi. Da ruwan farko ya sauka, filin da aka buga rani a kansa ya koma gero da wake, kuma ba mai ganin laifin mai gona. Abin da ya rage shi ne filin firamare, shi ma ana ta gutsurarsa, yau shaguna, gobe fulotai. Wanda ya yanka filin makaranta ya sani ƙungiyar garin ya rushe.

Sai lokacin zaɓe a tuna da mu. A zo da kofi mai hoton ɗan takara, da riguna masu sunansa a baya, a yi mako uku ana kiɗa, a ba wanda ya ci rago. Bayan an rantsar da shi ko ƙwallo ɗaya ba za a sake gani ba. Mu ma da muke tafi a bakin fili muna ganin yadda kuɗin ke tafiya.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ta kawo kwas ɗin farko na masu horarwa nan arewacin Kano da rani, ga kwalejin ilimi ta tarayya a Bichi, ga ta aikin gona ta Audu Bako a Dambatta, ba a rasa aji ba. Kowace ƙaramar hukuma ta biya wa koci ɗaya daga kowace mazaɓa. Pillars ta ɗora tsoffin 'yan wasanta kan ƙungiyoyin yara da albashi tabbatacce, ta biya musu lasisin CAF mataki-mataki kafin a yi maganar babbar kujera. Hakimai da dagatai kuma su sa a auna filayen makarantu a kafa musu duwatsun iyaka.

Duk ɗan takarar da ya sake zuwa mana da kofi, a miƙa masa wannan jerin ya sa hannu a gaban dagaci kafin a busa usur.