Ƙarar salansa ba ƙarfin inji ba ce: shawara ga matasan Katsina masu son gina mota

Duk mai bin hanyar Ƙofar Ƙaura da yamma ranar ɗaurin aure ya san ƙarar nan: Honda Accord ko tsohuwar BMW, an cire mata "indomi", an buɗe salansa, tana ruri kamar za ta tsaga kwalta. Masu ita sun gamsu cewa sun ƙara mata ƙarfi. Ni dai ra'ayina shi ne, yawancinsu ƙara kawai suka saya. Wanda yake son injin da ba shi da turbo ya yi gudu na gaske, da awo zai fara, kafin ya ɗauki sifana.

Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska, babu abin da ke tura masa. Iyakar iskar da ta shiga silinda ita ce iyakar man da zai iya ƙonawa, ita ce kuma iyakar ƙarfinsa. Don haka hanyoyin ƙara masa ƙarfi ba su da yawa: a sauƙaƙa shigar iska da fitar hayaƙi, a ƙara matsin da fistin ke yi wa iska da mai, ko a sa shi ya jure juyi mai yawa a minti. Honda ta nuna haka a 1999 da motar S2000. Injinta lita 2 ne kacal, amma yana ba da ƙarfin doki kusan 240, saboda yana juyawa har sau 9,000 a minti.

Ba sai mun je nesa ba. Accord ɗin 2003 da muke kira EOD, mai silinda huɗu, tana ɗauke da injin K24 mai lita 2.4 da ƙarfin doki 160. Acura TSX ta 2004 ma K24 ne a cikinta, girmansu ɗaya, amma 200 take bayarwa. Bambancin yana cikin kan injin da kamshaf da matsi, wanda ya tashi daga 9.7 zuwa 10.5, sai kuma lissafin da aka rubuta a kwamfutar motar, wato birenbos. Babu ko doki ɗaya a cikin 40 ɗin nan da ya fito daga ƙarar salansa.

A nan ne sana'ata ta rubuta manhaja ta sa na tsoma baki. Wani abokina ya kai Accord ɗinsa gareji, aka cire indomi da tamostat, aka ɗaura matatar iska buɗaɗɗiya kusa da lagireto. Na jona wata 'yar na'urar OBD2 da wayata, muka zagaya gari. Iskar da injin ke sha ta haura digiri 60, domin zafin cikin bonet take zuƙa, kwamfutar kuma sai ja da lokacin tartsatsin filogi baya take yi don kare injin. Kuɗi ya biya aka rage wa motarsa ƙarfi, ga shan mai ya ƙaru, a lokacin da fetur ya zama abin da ya zama tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Yanayinmu ma yana cin nasa kason. Katsina tana kusan mita 500 sama da teku, iskarta ta fi ta Legas sirantaka. A bazara kuma, iska mai digiri 40 ta gaza mai digiri 15 nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari. Ga ƙurar hunturu, wadda idan ta wuce matata marar kyau sai ta goge silinda kamar sanfefa. Ga fetur ɗinmu, wanda ba a raba shi aji 95 da 98 kamar a Turai. Wanda ya kwafi lissafin wani Bature daga YouTube ya ɗaga matsi zuwa 12 ba tare da awo ba, man zai riƙa fashewa kafin lokacinsa har fistin ya huje.

Wani zai ce to ai turbo ce maganin siririyar iska. Gaskiya ne, tana cike wannan giɓi. Amma turbo zafi take ƙarawa, tana son mai mai kyau da baƙin mai da ake canzawa a kan kari, kuma kuskure kaɗan a lissafinta ya isa inji ya buga. Ga mai koyo a garinmu, injin da ba turbo ya fi haƙuri, kayansa kuma suna samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Idan ni ne, ga yadda zan bi. In fara da auna matsin kowace silinda, domin injin da ya gaji ba a gina komai a kansa. In mayar da tamostat, in wanke lagireto, in ja bututun iska zuwa wuri mai sanyi da matata ta kirki. Sannan in sayi na'urar auna hayaƙi mai faɗin awo, wadda ke nuna yawan iska a kan mai: 14.7 a tafiyar yau da kullum, wajen 13 idan an take totur har ƙasa. Sai bayan nan a taɓa kamshaf ko fistin. Akwai Hondata ga masu Honda, akwai kuma Speeduino, kwamfutar inji da aka gina kan Arduino, wadda lambobinta a buɗe suke ga kowa ya karanta. Makanikanmu suna da hannu da kunne, yaranmu masu laftof suna da lissafi. Abin da ya rage su zauna a gareji ɗaya.

Sai batun inda za a gwada. Inji mai ƙarfi a kan tsohon birki da tayoyin da suka suɗe ajali ne, titin da 'yan makaranta da masu Keke Napep ke bi kuma ba wurin gwaji ba ne. Katsina ta daɗe da sanin haka a kan dawakai, shi ya sa tun zamanin Sarki Dikko sukuwa da folo suke da filinsu. Masu son mota su haɗa ƙungiya, su nemi keɓaɓɓen fili da izinin hukuma, su zo da agogon awo. Ranar za a gane wace mota ce take gudu, wacce kuma ruri kawai take yi.