Motar iyali: mu ƙirga kawunan yara kafin mu ƙirga kuɗi

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar wata makarantar boko a nan Maraɗi da misalin ƙarfe takwas saura na safe, zai ga abin da muke gani kullum har ya zame mana jiki. Ƙaramar mota mai wurin zaman mutum biyar za ta tsaya, a buɗe ƙofa, yara su yi ta fitowa kamar ba za su ƙare ba. Wata rana mun tsaya mun ƙirga, sai muka samu tara: biyu a gaba bisa cinyar yayarsu, biyar a baya, ɗaya kuma a tsaye tsakanin kujeru yana dafe da kafaɗar direba. Babu wanda ya yi magana, don kuwa kusan dukanmu haka muke yi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne tambayar da wani magidanci ya bugo waya ya yi mana a cikin shirinmu na rediyo. Ya ce yaransa biyar, babban yana da shekara tara, auta kuma tana goye. Ya yi shekara huɗu yana tara kuɗi don ya huta da ɗora su bisa babur. To amma kansa ya ɗaure: yara na son mota mai talabijin a bayan kujera da rufin da ke buɗewa, uwargida na son mai wurin zuba kaya, abokai kuma suna zuga shi ya sayi kat-kat don a san shi ma ya iso. Ya ce mu ba shi shawara. Lokacin shirin bai ishe mu ba, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi ra'ayinmu a nan.

A ganinmu, tambaya ta farko ita ce: mutum nawa za su shiga, kuma kowanensu zai samu kujerarsa da ɗamararsa? Kamfanonin da ke ƙera motoci sun fi yin lissafi da gida mai yara biyu ko uku. Mu kuwa a Nijar, binciken da aka yi a 2012 ya nuna cewa a ƙiyasi mace ɗaya tana haihuwar yara 7.6, na 2021 kuma ya nuna 6.2. Ke nan motar da Bature ya kira ta iyali, a wurinmu rabin iyali kawai za ta ɗauka. Magidancin da muke magana a kansa, shi da matarsa da yara biyar, mutum bakwai ke nan. Duk motar da ba ta da wurin zama bakwai da ɗamara bakwai, ta fita daga lissafinsa tun kafin a tambayi kuɗinta, komai kyanta.

Wasu za su ce mun cika tsanani, ai yaro ƙarami sai a rungume shi a cinya. Bari mu duba abin da ke faruwa idan aka yi karo. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wato gudun cikin gari, idan ta daki wani abu ta tsaya cak, wanda ke ciki tamkar ya faɗo ne daga bene mai tsayin mita 10. A cikin wannan ƙiftawar ido, yaro mai nauyin kilo 10 yana fizgewa da ƙarfin ɗaruruwan kilo, kuma babu uwar da hannunta zai iya riƙe shi, komai son da take yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce mafi ƙarancin motoci. Hukumar ta kuma ce kujerar musamman ta jarirai tana rage mutuwarsu da kashi 71 cikin 100. Mun yi imani cewa rai a hannun Allah yake, amma addininmu bai hana mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali ba.

To waɗanne motoci ne ke da wurin mutum bakwai a cikin waɗanda ake samu a kasuwarmu? Dattawanmu za su tuna da Peugeot 504 mai layin kujeru uku, wadda aka ci gaba da haɗawa a Kaduna har zuwa 2006. Ta yi zamaninta, ta kai amare, ta kai alhazai filin jirgi. Yanzu waɗanda aka fi gani su ne irin su Toyota Picnic, da Avensis Verso, da Corolla Verso, da Opel Zafira, sai kuma babbarsu Toyota Sienna da ake kawowa daga Amurka. Kowace da ribarta da asararta. Corolla Verso da Zafira ba su da shan mai sosai, amma kujerunsu biyu na can baya ƙanana ne, suna dab da gilashi, kuma da an buɗe su wurin kaya ya tafi. Picnic tana da ƙwari kuma makanikai sun san ta, sai dai waɗanda aka sayar a Turai daga 1996 zuwa 2001 ne, duk sun tsufa. Sienna tana da fili, tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, ƙofofinta na baya ja ake yi suna zamewa, abin da ke hana yaro ya banko ƙofa ya kaɗe mai babur. Amma yawancin waɗanda ake kawo mana injinsu mai silinda shida ne, ba ya wasa da mai, kuma cikinta yana kusa da ƙasa.

Wannan batu na kusanci da ƙasa yana da muhimmanci. Wanda zirga-zirgarsa daga gida zuwa makaranta ne da kasuwa, sai kuma babbar hanyar kwalta zuwa Tasawa, Damagaram ko Yamai, motar da ke ƙasa-ƙasa ba za ta dame shi ba. Amma wanda mahaifansa ke wani ƙauye a bayan Dakoro ko Mayahi, inda rairayi ke kama taya da rani, korama kuma ta yanke hanya da damina, shi kam yana da hujjar neman mota mai tsayi. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayi kat-kat don ganin ido. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan taya ta fashe ko aka kauce wa rami da gudu, musamman tsofaffin da ba su da na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa, wadda sai a 2014 aka wajabta ta ga dukan sababbin motoci a Tarayyar Turai. Bayan haka, direban babbar mota ba ya ganin ɗan yaron da ke tsaye dab da bayanta, kuma mun san yadda yaranmu ke rugowa tarbar baba idan ya dawo yana ƙoƙarin shigar da mota gida.

Tambaya ta biyu ita ce ta aljihu, domin sayen mota na rana ɗaya ne, ciyar da ita kuwa na kullum. Mu yi lissafi mai sauƙi. Daga Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, zuwa da dawowa 1,320 ke nan. Motar da ke shan lita 8 a kowane kilomita 100 za ta sha kusan lita 106, wadda ke shan lita 13 kuma za ta sha kusan 172. Idan muka yi lissafi da farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar man fetur a watan Yulin 2024, bambancin ya kai jikka 33 a tafiya ɗaya tak. Wannan kuɗin buhun abinci ne. Kuma kada wani ya dogara da man ruwa-ruwa na bakin hanya, domin tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan arahar ta wuce. Haka nan kayan gyara: kafin mutum ya sayi mota, ya fara zuwa wurin makanikinsa ya tambaye shi ko ya san injinta, ya kuma leƙa wajen masu sayar da kayan gyara ya ji ko akwai nata. Motar da za ta yi wata biyu a gareji ana jiran wani ɗan ƙarfe daga ƙasar waje, ba ta da amfani ranar da zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare.

Tambaya ta uku ita ce lafiyar motar kanta. Kusan dukanmu ta hannu muke saye. Shekara da shekaru ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano ake kawo su a biyo ta Gaya, amma bayan rufe iyaka da Benin a 2023 aka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi nisa, kuɗi ya ƙaru. Wani rahoto na hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka kuma ita ce ta fi kowa karɓa. Da yawansu tsofaffi ne da ba za a bar su bisa hanya a can ba. Saboda haka fenti mai sheƙi bai isa shaida ba. A je da makaniki amintacce, wanda ba abokin dillali ba. A ja kowace ɗamara da ƙarfi a ga ko tana cijewa, har ta kujerar tsakiya da ta can baya. A duba ɗan makunnin da ke gefen ƙofar baya wanda ke hana yaro buɗe ta daga ciki. A gwada birki, a duba lagireto. A karanta lambobi huɗu da ke jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba, kwaltar watan Afrilu ba ta raga mata. Sannan a tabbatar da takardar duwan da katin mota da asirans kafin kuɗi ya bar hannu.

Ba mu manta da jin daɗin yara ba, hakkinsu ne. Amma mu da muka yi tafiya da yara mun san abin da ke faranta musu rai a mota: kowa ya samu taga ko wurin miƙe ƙafa, na'urar sanyi ta kai har baya, a samu wurin ajiye gorar ruwa da ƙunshin dabino, kuma a tsaya a hanya su sha iska. Talabijin ɗin bayan kujera sau da yawa ba ya kai wata uku hannun yara bai gama da shi ba. Rufin da ke buɗewa kuwa, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu, ga yaro mai son fitar da kai mota na gudu, illarsa ta fi amfaninsa. Abin da yaro zai tuna idan ya girma shi ne ranar da baba ya kai su bakin tafkin Madarunfa, ko yawon sallah gidan kaka, aka je lafiya aka dawo lafiya. Kuma tunda mun ambaci zafi, kada a taɓa barin yaro a cikin mota a rufe da sunan ana zuwa yanzu, domin jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Mun san akwai masu cewa wannan magana ce ta masu hali, tunda yawancin magidanta ko babur da ƙyar suka saya. Gaskiya ne, kuma ba mu raina wanda ke ɗora yara huɗu bisa babur don ba shi da yadda zai yi. Amma wanda Allah Ya hore wa kuɗin mota, uzurinsa ya ragu. Mun kuma san cewa a al'adarmu mota ba ta gida ɗaya ba ce: yaran maƙwabta za su tsaya bakin ƙofa da safe, ranar biki kuma dangi za su cika ta. Zumunci abu ne mai kyau, sai dai ya fi kyau a yi sawu biyu da a cusa yara goma a sawu ɗaya. Maƙwabcin da ya ji haushi yau don an ce wuri ya cika, gobe zai huce. Wanda aka kawo wa mummunan labari kuwa, ba mu san ranar da zai huce ba.

Saboda haka shawararmu ga wannan magidanci da ire-irensa ita ce: ya nemi mai wurin zama bakwai, wadda makanikin unguwarsa ya sani, wadda kuma samunsa zai iya ciyarwa. Daga cikin kuɗin da ya tara ya ware na sababbin tayoyi da na kujerar auta, ko da hakan zai sa ya haƙura da wadda ta fi sheƙi. Yara duka su zauna a baya, kowa da ɗamararsa, domin jakar iskar da ke fashewa a gaba don babba aka yi ta, tana iya yi wa ƙaramin yaro mummunan rauni. Abokai masu zuga kuwa, ya tuna cewa ba su za su zuba masa mai ba. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Muna kuma kira ga hukumomi da ƴan kasuwa da su sauƙaƙa shigo da kujerun yara, domin a yau mai nema ma sai ya sha yawo kafin ya samu. Jami'an tsaron hanya su ma, kamar yadda suke duba takardu, su riƙa leƙa kujerar baya suna yi wa iyaye nasiha.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya raya mana zuri'a, amin.