Ɗaya Cikin Goma

Wanda ya fita Maraɗi ya nufi kudu, bayan ya wuce garakan Jiratawa zai tarad da asibitin Danja, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1956 domin jinyar kutare. A wancan zamani mai wannan ciwo ko danginsa gudunsa suke yi. Yau kuwa kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 maganinta kyauta ne a duniya baki ɗaya.

Kiristocin wannan yanki sun san labarin da ke cikin Bisharar Luka, sura ta 17. Kutare goma suka roƙi Yesu Almasihu, dukansu suka warke, amma mutum ɗaya tak ya juyo ya yi godiya, shi ma baƙo ne, Basamariye. Sauran ba ƙarya suka yi ba, ba sata suka yi ba. Gaggawa ce kawai ta ɗebe su.

Irin wannan gaggawa ita ke cin ɗan kasuwa da ma'aikaci. Ranar da kaya suka maƙale a kan iyaka, ko albashi ya yi jinkiri kamar yadda aka sha fama a shekarun 1990, kowa ya iya roƙon Allah. Ranar da kaya suka fito, aka biya albashi, sai lissafi ya cinye addu'a.

Shi ya sa majami'u suke keɓe ranar godiya bayan kaka. Manomi ya kawo damin hatsi, wata ta kawo wake ko kaza, mai albashi ya kawo kuɗi. Ba a jiran shekarar albarka kafin a yi. Wanda ya ga yunwar 1984 ya san darajar tiya guda.

Amma godiyar da ta tsaya a ƙofar majami'a guntuwa ce. Mai godiya ba ya tauye mudu, don ya san ba dabararsa ce ta cika rumbu ba. Ba ya ɓoye takardar talaka cikin ofis yana jiran goro, don ya san kujerar amana ce. Yana tuna malamin da ya koya masa karatu, da maigidan da ya ba shi jari na fari, ya je ya gaishe su tun suna da rai.

Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Kafin a rufe shago ko ofis yau, kowa ya ƙirga alheri uku da ya samu, ya nemi wanda ya kamata ya koma wa.