Bagauda, Tiga da Falgore: Soja ya shiga daji, baƙo bai dawo ba

Kudancin Jihar Kano ba shi da teku, amma yana da gaɓar ruwa. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ya tare Kogin Kano ya mayar da wurin wani makeken tafki, ga kuma tafkin Bagauda a kusa da shi. Gaba da su akwai dajin Falgore, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, sannan duwatsun Riruwai. A duk faɗin jihar babu yankin da Allah ya haɗa wa ruwa da daji da dutse kamar wannan.

Marigayi Audu Bako, gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, ya ga haka tun da wuri. Ruwan noma ne babban dalilin gina madatsun, kuma har gobe da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Amma bai tsaya nan ba. A zamaninsa aka kafa otal a bakin tafkin Bagauda, aka kafa na Rock Castle a Tiga, domin baƙo ya zo ya kwana ya kashe kuɗinsa a karkara. Dajin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe da sunan Kogin Kano shi ma aka mayar da shi gandun namun daji. Manyanmu da suka yi ƙuruciya a shekarun 1970 da 1980 suna ba da labarin yadda iyalai ke cika mota su tafi Bagauda hutun Sallah.

Yau wannan labari ya zama tatsuniya ga matasa. Madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988, ta yi ɓarna mai yawa. Daga baya gine-ginen otal ɗin suka koma reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Ba a yi asarar ginin ba, ɗaliban kuma suna cin abinci suna hawan babur a yankin, sai dai ɗalibin da ya zo karatun shekara guda ba shi ne baƙon da aka gina wurin dominsa ba. Otal ɗin Tiga kuwa kowace gwamnati ta zo sai an ji batun farfaɗo da shi.

Falgore ne ya fi shan wahala. Namun dajin sun yi ta ƙarewa a hannun mafarauta, masu gawayi da masu katako suka bi itatuwan. Da aka wayi gari babu mai tsaron kirki, sai ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da shi mafaka. Direbobin da ke bin hanyar Tudun Wada zuwa Saminaka da Jos sun san lokacin da ba a shiga dajin bayan magariba sai da addu'a.

Wannan ne ya kawo soja. A 2017 Rundunar Sojin Ƙasa, ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai, ta yi atisayen Harbin Kunama na biyu a dajin, ta kuma ayyana shi a matsayin filin horo. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta gina wa sojojin wurin zama da na horo a can. Mataki ne da ya dace, kuma ba mu ga dalilin yin kwana-kwana a kai ba. Duk wanda ya ga yadda dazukan Kamuku da Rugu suka zama a Kaduna da Katsina ya san abin da Kano ta guje wa.

Tambayar da ba a amsa ba ita ce: Falgore yanzu mene ne? A takarda gandun namun daji ne. A aikace filin harbi ne, makiyaya na kiwo a ciki, manoma na cin gefensa, gatari kuma bai huta ba. Gwamnati kuwa duk lokacin da aka zo lissafa wuraren yawon buɗe ido na Kano, sai ta sa sunansa a gaba. Babu mai ɗaukar iyalinsa ya kai su kallon gada da birai a inda bai san iyakar filin atisaye ba, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a masauki bai san wa ke da ikon wurin ba.

Soja da baƙo suna iya zama wuri guda, an yi a wasu ƙasashe. A gaɓar tekun jihar Florida ta Amurka akwai sansanin sojin sama na Eglin, wanda filinsa ya kusa ninka Falgore biyu. Ana gwajin makamai a ciki, amma an ware sassan da farar hula ke shiga kamun kifi da farauta bayan sun sayi takardar izini, ana kuma sanar da ranakun da aka rufe kowane sashe. Garuruwan da ke kewaye suna cin abinci da albashin soja da kuma kuɗin masu zuwa hutu. Ba dabara ce mai tsada ba. Taswira ce da doka da ma'aikatan da ake biya a kan lokaci.

Abin da muke nema daga gwamnatin Kano ke nan. Ta zauna da rundunar soji a shata iyaka a fili: nan na horo ne, nan na namun daji ne, nan burtali ne. A buga taswirar, a kai ta ga hakimai da dagatai da ardo-ardo, domin su ne za su fara sanin wanda ya tsallaka. Rugar da aka kafa wa makiyaya a dajin Dansoshiya na ƙaramar hukumar Kiru kuwa, ya kamata a fito a faɗa wa jama'a inda aikin ya tsaya.

Masu gadin daji kuma a ɗauke su daga 'ya'yan Doguwa da Tudun Wada. Matashin da ya san kowane kwazazzabo a dajin, idan ba a ba shi albashi ba, mai gawayi zai ba shi.

Sannan kada a fara da dajin, a fara da ruwa. Bakin tafkin Tiga ba ya buƙatar jiran ƙarshen matsalar tsaro. Hanya mai kyau, jiragen ruwa masu rigar kariya, rumfunan masu gasa kifi da makewayi mai tsafta sun isa su jawo mutanen birni ranar Asabar da Lahadi. Kano na da miliyoyin mutane da ba su da wurin fita da yara sai gidan zu da manyan kantuna. Masuntan Tiga da matan Bebeji masu sayar da abinci su ne za su fara ganin kuɗin, tun kafin a yi maganar baƙo daga ƙetare.