Kafso Ba Ya Kashe Kowace Cuta

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mu mutane ne masu kula da asali. Kafin a ba da aure, sai an tambayi dangi. Makiyayi yana duban ƙaho da launi, ya ce wannan saniya azawak ce, waccan bororo ce. Amma in ciwo ya zo, sai mu manta da wannan hikima. Mu tare mai tallar magani a kasuwa, mu sayi kafso. Zazzaɓi kafso, makero kafso, akuya mai zawo ita ma kafso. A ganinmu wannan kuskure ne babba, kuma ga dalili.

Masana sun daɗe suna bin salsalar halittu. Suna duba gadon da ke cikin jikin kowace halitta, su gwada shi da na wata. Da haka suka gane cewa masu rai duka kamar itace ɗaya ne mai rassa da yawa. Abubuwan da ke sa mu ciwo ba reshensu ɗaya ba.

Akwai reshen bakteriya. Su ne ke kawo kwalara da tarin fuka da ciwon daji na dabbobi mai kashe saniya farat ɗaya. Sun yi nisa da mu ƙwarai. Yawancin ƙwayoyinsu suna da wani irin bango da ke kare su, wanda jikin mutum da na dabba ba su da shi. Maganin penisilin wannan bangon yake rushewa. Shi ya sa yake kashe ƙwayar, ya bar mutum lafiya. Abin mamaki, daga funfuna aka samo shi. A shekarar 1928 wani likita a Ingila, Alexander Fleming, ya lura funfuna ta tsiro a cikin faranti, ta hana bakteriya yaɗuwa a kewayenta.

To, funfunar fa, ɗiyar wane gida ce? Da can an ɗauka tsiro ce, tun da ba ta motsi. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Funfuna, da naman kaza, da yis ɗin da ke kumbura burodi, duk dangi ɗaya ne. Kuma sun fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai. Ba sa yin abincinsu da hasken rana kamar hatsi. Cin na wani suke yi, kamar mu.

Wannan magana ta shafi kan yaranmu. Makero da ƙyasbi aikin dangin funfuna ne. Bangonsu ba irin na bakteriya ba ne, don haka penisilin ba ya taɓa su. Uwa za ta fasa kafso goma a kan yaro, makero yana nan yana cin gashi. Har ma yawan shan kafso yakan kashe bakteriya masu amfani, funfuna ta samu fili, farin abu ya fito a bakin jariri. Kuma tun da danginmu ne na kusa, abin da ke kashe su bai cuce mu ba kaɗan ne. Maganin makero na gaskiya yana gidan likita, kuma makonni ake yi ana shan sa. Sai an yi haƙuri.

Akwai kuma ƙwayoyin birus, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ba su da bango irin wancan, kafso ba ruwansa da su. Tsofaffinmu suna tuna bushiya, annobar da ta sha share garke. Ashe ƙwayarta ƴar uwar ƙyanda ce, kuma ƴar uwar annobar awaki da tumaki mai sa majina da zawo. Saboda wannan zumunci, likitocin dabbobi sun yi shekaru suna yi wa awaki rigakafi da allurar bushiya, tana kuwa kare su. Allurar rigakafi ce ta gama da bushiya, ba kafso ba. A 2011 aka bayyana cewa ta ƙare a duniya baki ɗaya. Awaki yanzu suna da allurarsu ta kansu.

Mun san abin da wani zai ce. Gidan likita da nisa, mai talla kuwa yana bakin ƙofa, kuma yana sayar da ƙwaya biyu in kuɗinka bai kai ba. Gaskiya ne, ba mu raina wannan wahala ba. Amma ƙwaya biyun nan ba araha ba ce. In ciwon ba na bakteriya ba ne, kuɗin ya tafi a banza. In nasu ne, ƙwaya biyu masu rauni kaɗai take kashewa. Masu taurin kai su rage, su hayayyafa, su bar wa jikokinsu taurin. Ranar da ciwon haƙarƙari ya kama yaro, sai a ba shi maganin, ya ƙi ci.

Mai talla sunan kafso ya sani da launinsa. Bai san gidan da cutar ta fito ba. Idan kun je wurin likita, ko likitan dabbobi ya zo garinku, ku tambaye shi: wannan ciwo na wane dangi ne? Kwana nawa za a sha maganin? Ranar da aka yi shelar rigakafin awaki da tumaki kuma, a fito da garke duka, har da na mata da ke ɗaure a bayan ɗaki.